FILIN MANOMA: Takardar Garanti Ba Ta Ban-Ruwa

Ga shi damina ta ja jiki, an kai gero gida, dawa ta kusa isa girbi, hankalin mutanenmu kuwa ya koma fadama. Daga Dogon Daji zuwa Tambuwal har ƙasar Kebbe, duk inda ka ga manoma biyu sun tsaya, zancen irin albasa su ke yi, ko na tattasai, ko kuwa na injin ban-ruwa. Wanda nasa ya tsufa yana shawarar sabo, wanda ya sami ɗan abin hannu yana hangen babur ko injin niƙa, 'yan kasuwa masu ƙarfi kuma suna zancen motar ɗaukar kaya da ta noma. To, duk wanda ya shiga kanti da wannan niyya, akwai kalma guda da lalle zai ji daga bakin mai kanti: "Ai da garanti." Wani ma a ce masa in ya ƙara kuɗi kaɗan za a tsawaita masa garantin zuwa shekara biyu ko uku. A kan wannan kalma na ke so mu yi magana a wannan mako, domin ana yawan tambayata a kanta, kuma na lura abin da mai saye ya ke nufi da ita daban, abin da mai sayarwa ya ke nufi daban.

Dā can kakanninmu da jigo su ke ban-ruwa. In igiya ta tsinke a murza wata, in guga ya fashe a ɗinke, babu wanda zai je birni saboda haka. Amma tun daga shekarun 1980, sa'ad da hukumar aikin gona ta SARDA ta fara yaɗa ƙananan injuna da rijiyoyin tiyo a Jihar Sakkwato, sa'an nan shirin Fadama na Bankin Duniya ya biyo baya a shekarun 1990, sai ya zamana kusan kowane mai noman rani ya zama mai inji. Wannan ci gaba ne babu shakka. Sai dai ya ɗaure abincin manomi da ƙarfen da ba shi ya ƙera ba, wanda kuma maƙerin garinsu ba ya iya ƙera masa irinsa.

ABIN DA MAI KANTI YA ɊAUKA, DA ABIN DA BAI ɊAUKA BA

Hanya mafi sauƙi ta gane garanti ita ce mu tuna da cinikin dabba. In ka sayi sa a kara, ka kai gida, ka tarar yana da wata cuta da ya zo da ita wadda aka ɓoye maka, kowa ya san kana da ikon mayar da shi, kuma malamanmu na Malikiyya sun daɗe da yin bayanin mayar da kaya saboda aibi. Amma in kai ne ka bar shi ya kwana biyu babu ruwa, ko ka ɗaura masa garma da rana tsaka har ya faɗi, babu dillalin da zai saurare ka. To, garanti ma haka ya ke. Alkawari ne na cewa in inji ya zo da aibi daga ma'aikatar da aka ƙera shi, watau ƙarfe marar kyau ko haɗi marar daidai, za a gyara maka ko a canja abin da ya lalace ba tare da ka biya ba. Iyakarsa ke nan. Ba alkawari ba ne cewa injin ba zai lalace ba, ba kuwa alkawari ba ne cewa duk abin da ya same shi za a ɗauke maka.

Saboda haka akwai kayan da kusan kowace takardar garanti ta ke warewa gefe, su ne waɗanda aiki ke cinyewa: fulogi, da matatar iska da ta mai, da bel, da igiyar tayar da inji, da mesa, da taya, da takalmin birki, da faifan kuloci. A injin niƙa, haƙoran niƙa. A motar noma, bakin garma da boris ɗinta. Mai karatu ya duba wannan jerin da kyau, zai ga yawancin abin da ke tsayar da aiki a gona yana cikinsa.

Sa'an nan akwai ɓarnar da mai inji ya jawo da hannunsa, a nan ne kuwa a ke yawan samun rigima. Bari mu ɗauki injin ban-ruwa, tun da shi ya fi yawa a hannunmu. A tsakanin inji da tukunyar famfo akwai wani ɗan zobe da kanikawa ke kira sil, shi ke hana ruwa bin sandar inji. Ruwan da ke wucewa shi ke sanyaya shi. In yaro ya tayar da inji bai cika tukunyar da ruwa ba, ko rijiya ta janye aka bar inji yana ta kuka a bushe, cikin ɗan lokaci zoben zai ƙone. Hausawa sun ce da ruwan ciki a kan ja na rijiya, wannan magana kamar don injin nan aka yi ta. Bakaniken kamfani da ya buɗe zai gane zoben ƙonewa ya yi, ba aibi ba ne, garanti kuwa ya faɗi. Haka nan in aka jefa mesa cikin gulbi babu rariya a bakinta, ta yi ta zuƙo rairayi yana cin fankar famfo. Masu aiki a bakin Gulbin Zamfara sun san irin rairayin da na ke nufi.

Baƙin mai ma haka. Littafin ƙananan injunan Honda da a ke ɗora wa famfo ya ce a juye mai na farko bayan awa 20 ko wata ɗaya, daga nan kuma duk bayan awa 100, a wanke matatar iska duk bayan awa 50, in wurin mai ƙura ne a yi kafin haka. Injunan da aka kwaikwaya daga gare shi, waɗanda su suka cika kasuwa, ba su fi shi haƙuri ba. To, a lissafa: wanda ke tayar da inji awa 5 a yini, kwana 20 na aiki sun cika masa awa 100. Watau kusan kowane wata sai an juye mai. Nawa ne daga cikinmu ke yin haka? Galibi sai dai a ƙara sabo a kan tsoho, har ran da fistin ya kama. Matatar iska kuma, cikin hunturu da hazo, wasu cire ta su ke yi gaba ɗaya wai don inji ya sha iska. Ƙura ce ya ke sha, ita kuwa ƙura a cikin inji dutsen wasa ce.

Man fetur da kansa wani abu ne. Wanda aka saya a galan bakin hanya yana iya zuwa da ruwa, ko datti, ko gaurayen kananzir, kamfani kuwa ba ya ɗaukar ɓarnar mummunan mai. Ba ma na bakin hanya kaɗai ba: a watan Fabrairu na 2022 an shigo da fetur Nijeriya wanda sinadarin metanol ya yi wa yawa, har sai da aka janye shi daga gidajen mai, bayan masu motoci sun yi ta kukan ya taɓa musu inji. Irin wannan ɓarna da mai sayar da man a ke shari'arta, ba da mai sayar da inji ba.

Akwai kuma wani sabon al'amari. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023, manoma da yawa sun mayar da injunansu zuwa gas na girki, watau a canja kafireto a jona tukunyar gas. Ban ce kada a yi ba, domin na san abin da kuɗin mai ke ci daga ribar albasa. Amma a sani, duk injin da aka sāke masa haɗi ba da yardar kamfani ba, yawancin takardun garanti sun fid da shi. Shawarata, wanda ke da inji biyu ya mayar da tsohon, ya bar sabon a kan fetur har wa'adinsa ya cika. Wanda ya ke da guda ɗaya kuwa ya tambayi mai kanti kafin ya saya, in ya ce babu laifi, ya rubuta haka a bayan rasit.

Daga ƙarshe, hannun bakanike. In inji yana cikin garanti, ka kai wa yaron nan na bakin tasha ya kwance shi, ko da ya fi na kamfani iyawa, an gama. Za a duba kan kusoshi a ga an taɓa su, a ce maka ba a san abin da aka yi a ciki ba.

SHEKARA KO AWA, WANDA YA RIGA CIKA

Garanti yana da ƙafa biyu, lokaci da yawan aiki, wanda ya riga cika shi ne. A sabuwar mota sau da yawa za ka ga an rubuta shekara 3 ko kilomita 100,000. Akawun da ke zuwa ofis ya dawo gida zai ci shekarunsa uku. Amma ɗan kasuwar da ke ɗaukar albasa daga Aliero zuwa Ikko, tafiyar da ta kai wajen kilomita 1,000, zuwa da dawowa 2,000 ke nan, sawu 50 sun cinye masa garantin. In kowane mako ya ke tafiya, shekara guda ke nan ba uku ba. Motar noma da awa a ke ƙidaya mata, akwai agogon awa a gaban direba. In an rubuta, a misali, shekara 2 ko awa 2,000, mai bayar da haya da ke aiki awa 10 a yini ya san kwana 200 na aiki gare shi. Wasu kamfanoni ma suna rage wa'adi in an ce kayan na haya ne ko na kasuwanci. Babur ɗin da aka saya don kabu-kabu ya shiga nan.

Masu sayen famfo mai aiki da hasken rana su kula ƙwarai. Za a ce maka garanti shekara 25. Gaskiya ne, amma na faifan hasken ne, kuma ma'anarsa ita ce bayan waɗannan shekaru faifan zai ci gaba da ba da wajen kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsa. Famfon da ke cikin rijiya da akwatin da ke sarrafa wuta, su ne ke lalacewa, nasu kuwa galibi shekara ɗaya ne ko biyu. Tsawa, da ƙanƙara, da ɓarawo, da akuyar da ta hau faifai, babu ɗayansu a cikin lissafi.

Motar da aka riga aka hau a Turai ko Amurka kafin ta iso mu ba ta da garantin ma'aikata, sai abin da mai sayarwa ya yi maka alkawari da bakinsa. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zub da ruwa.

ƘARIN GARANTI

Yanzu mu zo kan wanda a ke saye da kuɗi. Wannan dabara ta yi ƙarfi a Amurka da Ingila, inda dillalan mota ke samun riba mai kauri daga gare ta, ta kuma iso manyan kantunan mota da na kayan wuta a biranenmu. Domin a gane ta, sai a san yadda inji ke lalacewa. Rayuwar inji kamar ta maraƙi ce. Haɗarinsa yana farkon haihuwa: in da aibi daga ma'aikata, cikin makonni ko watannin farko ya ke bayyana. In ya tsallake nan, sai ya shiga shekarun ƙarfi, ba ya cika ba da wahala. Can gaba tsufa ya zo, komai ya fara sakin jiki. To, garantin ma'aikata, wanda ba ka biya komai a kai ba, ya rufe farkon. Tsufa kuwa babu mai ɗaukar maka shi. Ƙarin garanti yana faɗawa ne a tsakiya, daidai shekarun da injin ya fi lafiya. Masu sayar da shi sun san wannan lissafi, ba don Allah su ke yi ba.

Mu ce inji naira 100 ne, aka ce ka ƙara 10 don ƙarin shekara guda. Mu ce kuma babban gyara irin wanda takardar ta ɗauka zai ci 30. Ashe sai inji ɗaya cikin kowane uku ya yi irin wannan lalacewa a cikin shekarar kafin masu saye su ci kuɗinsu. In kuwa da gaske ɗaya cikin uku ke lalacewa haka, ai wannan ba injin saye ba ne tun farko. Saboda haka ga ƙaramin inji, ni a ganina, gara mutum ya ɗauki naira goman nan ya sayi sil guda, da fulogi biyu, da ringi, da galan na baƙin mai mai kyau, ya ajiye a ɗaki.

Ga babban kaya kamar motar noma ko babbar mota, maganar ta ɗan bambanta, domin akwatin giya ko famfon dizal guda yana iya karya mutum. A nan ƙarin garanti yana iya yin amfani, amma sai an karanta takardar. Abu na farko, wa ya ɗauki alkawarin? Ma'aikatar da ta ƙera ce, ko dila ne, ko wani kamfani na uku da ba ka taɓa ganin ƙofarsa ba? In dila ne, ya rufe kanti, takardar ta bi shi. Na biyu, daga yaushe a ke ƙidaya? Wani za a ce shekara 5, alhali daga ranar saye a ke lissafi, uku na farko kuwa dā ma naka ne kyauta, biyu kawai ka saya. Sa'an nan a duba ko takardar ta lissafa abin da ta ɗauka ne, ko abin da ta bari. Wadda ta lissafa abin da ta ɗauka ta fi ƙunci, domin duk abin da ba a ambata ba babu shi. A duba ko akwai iyakar kuɗin da za su biya, da ko kai ma za ka sa wani abu a kowane gyara, da ko sai an nemi izninsu kafin a taɓa motar. Mafi nauyi duka, kusan kullum akwai sharaɗin cewa a garejinsu za ka riƙa yin sabis, a kan lokaci, da kayansu, da farashinsu. Mutumin Kebbe da zai ɗora motar noma a kan tirela zuwa Sakkwato ko Kano ko Kaduna saboda juyen mai, ya lissafa kuɗin hanyar a cikin kuɗin garantin.

Wani abu kuma, malamai sun yi saɓani a kan garantin da a ke saye daban bayan ciniki, wasu suna ganin akwai garari a cikinsa tun da mutum yana biyan kuɗi a kan abin da bai san zai auku ko ba zai auku ba. Wanda abin ya dame shi ya tambayi malaminsa, wannan ba fagen malamin gona ba ne.

MAI KANTI YA FI TAKARDA

To, mu ce komai ya yi daidai. Aibin na ma'aikata ne, wa'adi bai cika ba, rasit yana hannu. Ka ɗora inji a mota daga Dogon Daji ka kai Sakkwato. Mai kanti ya karɓa da fara'a, ya ce za a aika Kano, ko Ikko, ka dawo bayan mako uku. Bai yi maka ƙarya ba, bai kuwa karya alkawari ba. Amma albasar da aka dasa, ta fara ɗaura kai cikin watan Janairu, ba ta san mako uku ba. A ƙasa mai rairayi kwana biyar zuwa bakwai babu ruwa sun isa su taɓa ta, tattasai kuwa zubar da fure zai yi. Takardun garanti kuma galibi ba sa biyan amfanin gonar da ya ƙone, da yawansu sun rubuta haka da ƙananan baƙaƙe a ƙasa. Za a ba ka injinka lafiya lau bayan fangali ya bushe.

Wannan shi ya sa na ke cewa abin da manomi ke saye ba takarda ba ce, mai kanti ne. Akwai kuwa hanyar gwada shi tun kuɗi suna aljihu. Ka ce ya nuna maka sil na wannan injin, da ringi, da kafireto. In ya miƙa hannu ya ɗauko daga kanta, alama ce mai kyau. In ya ce "ana samu a kasuwa," ka san kai za ka nema. Ka ce ya nuna maka bakanikensa da inda a ke gyara, ka duba ko injunan da ke jibge a wurin ƙura ta rufe su, domin ƙurar tana gaya maka watannin da masu su suka yi suna jira. Ka tambaye shi kwana nawa gyara ke ɗauka, da ko yana ba da aron inji kafin a gama. Mai kantin da zai ba ka aron tsohon inji na kwana goma ya fi mai garantin shekara uku amfani. Sa'an nan ka tambayi manoman da suka saya a wurinsa bara, ba waɗanda suka saya jiya ba.

Kada kuma a raina zancen iri. Injin da kowa ke da shi a garinku, kowane bakanike ya san cikinsa, kayansa kuma suna nan a kasuwar Tambuwal ko ta Jega. Baƙon iri, ko da ya fi kyau ya fi araha, in dila guda ne ke kawo kayansa, ka zama bawansa.

Wannan darasi ba yau aka fara koyonsa ba, kuma ba ƙananan manoma kaɗai ya kayar ba. A 1947 Gwamnatin Ingila ta fara wani gagarumin shirin noman gyaɗa a Tanganyika, ƙasar da yanzu ta ke cikin Tanzaniya. Aka tara tsofaffin motocin noma na soja, har da tankokin yaƙi da aka mayar na share daji. Ƙasa ta yi tauri, ruwa ya yi ƙaranci, motocin suka yi ta mutuwa babu kayan gyara babu isassun kanikawa, a 1951 aka watsar da shirin bayan an narkar da fam miliyoyi. Mu ma nan duk wanda ke yawo ya ga motocin noma a tsaye a kan duwatsu, ciyawa ta fito ta cikinsu, da yawansu abin da ya kashe su bai fi a riƙe a hannu ɗaya ba. Har a Amurka, inda dila ke kusa, manoma suna kuka, domin sababbin motocin noma da kwamfuta su ke aiki, wani gyaran ba ya yiwuwa sai da na'urar dila. Jihar Kolorado ta yi doka a 2023 ta ba manoma ikon gyaran kayansu, a watan Janairu na 2025 kuma hukumar kula da ciniki ta ƙasar ta kai kamfanin John Deere ƙara a kan zargin tauye wa manoma hanyar gyara. Ƙungiyar da ke shirin sayen babbar motar noma ta zamani ta tambaya tun yanzu: in ta tsaya a fadama, wa zai zo, daga ina, cikin kwana nawa?

ABIN DA DOKA TA BA KA

Mutane da yawa ba su san cewa ko babu takardar garanti, doka ta ba mai saye wani haƙƙi ba. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, ita ta kafa hukumar FCCPC mai babban ofishi a Abuja. Dokar ta ce kayan da aka sayar lalle su kasance masu kyau, marasa aibi, masu yin aikin da aka saye su dominsa. In ba haka ba, mai saye yana da ikon mayar da su cikin wata uku daga ranar da ya karɓa, a gyara, ko a canja, ko a mayar masa da kuɗinsa. Rubutun nan da a ke bugawa a ƙasan rasit, wai kayan da aka saya ba a mayarwa, ba ya kashe wannan haƙƙi in kayan da aibi suka zo.

Amma wata uku ba su da yawa, daga ranar karɓa kuma a ke ƙidaya. Wanda ya sayi inji da kuɗin gero, ya ajiye shi cikin kwali a ɗaki sai tsakiyar rani, ya zubar da kwanakinsa a banza. A tayar da shi a gaban mai kanti, da ruwa a tukunya, a ga ya ja. A kai shi gona nan da nan, a sa shi aiki tun ana renon iri, domin in da aibi ya fito tun ƙishirwar gona ba ta yi tsanani ba.

Rasit kuwa shi ne shaidarka. Ya kasance da sunan kanti da adireshinsa, da kwanan wata, da irin injin, da lambar da aka buga a jikin ƙarfen inji, ba ta kwali ba. Ka duba da idonka lambar ta yi daidai. Duk alkawarin da aka yi da baki, a rubuta shi a sa hannu. Wanda bai iya boko ba ya tafi da ɗansa ɗan makaranta, ko ya sa a rubuta da ajami, ya kuma ɗauki hoton takardar da waya, domin gara da ɓera ba su san garanti ba.

Ga akawuna da magatakardan ƙungiyoyin manoma, nauyinku ya fi na kowa. Sau da yawa kayan da a ke rabawa ta hannun hukuma ko ƙungiya ɗan kwangila ne ya sayo su, garanti ya fara gudu tun ran da ya karɓa, kayan su yi wata shida a sito kafin su isa hannun manomi, takardar kuma tana cikin fayil ɗin da babu wanda ya san inda ya ke. In za a karɓi irin waɗannan kaya, a nemi takardar kowane inji da sunan dilan da zai gyara. A buɗe littafi, kowane inji da shafinsa: ranar juyen mai, awa nawa, wa ya yi, da rasit ɗin man a maƙale. Ran da gardama ta tashi, abin da kamfani zai fara tambaya ke nan. In kuma ƙungiya za ta sayi inji 20, ta saye su iri ɗaya a wuri ɗaya, ta nemi a ƙara mata guda na ajiya da akwatin kayan gyara a cikin cinikin. Mai kantin da ba zai kula manomi guda ba zai tashi tsaye ga mai sayen 20.

In an yi duk wannan mai kanti ya ƙi, a fara da shugaban 'yan kasuwar layin, domin sau da yawa a nan magana ke mutuwa. In ba ta mutu ba, a rubuta masa takarda a riƙe kwafi, sa'an nan a kai kuka ga hukumar FCCPC, a rubuce ko ta intanet, tare da hoton rasit da lambar inji. Injin kuwa a bar shi yadda ya ke, kada kowa ya sa masa sifana har a gama.